Wace manhaja zan sauke? Tambayar da ke cinye wa masu koyon rubuta kod data da lokaci

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, tambayarsa ta farko ita ce: a ina zan riƙa rubutawa? Wannan ya ce masa VS Code, wancan ya ce PyCharm, wani kuma ya dage sai Android Studio. Sai ka ga yaro ya ƙarar da datar mako guda yana sauke wannan yana goge wancan, ko layi goma bai rubuta ba.

Maganar gaskiya, ƙarfin kwamfutarka ne zai fara yanke hukunci. Da yawa daga cikin matasanmu tsohuwar kwamfuta suke samu, wata ma RAM ɗinta gigabait 4 ne kacal. Android Studio na kamfanin Google aƙalla gigabait 8 yake nema. In ka ɗora shi kan mai 4, to ka shirya zaman jira. PyCharm na kamfanin JetBrains shi ma yana da nauyi.

Mai koyon yaren Python da ƙaramar kwamfuta, Thonny ya ishe shi. A Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya aka ƙirƙiro shi don 'yan koyo, kyauta ne, kuma yana zuwa da Python a cikinsa. Wanda ya nufi gina shafukan intanet, VS Code da Microsoft ta fitar a 2015 ya fi dacewa da shi. Wanda waya kawai gare shi, akwai Pydroid 3 a kan Android.

Amma fa zaɓen wurin rubutu rabin aiki ne. Inda ake gane gwani shi ne farautar kuskure, wanda masu sana'ar ke kira ƙwaro. A 1947 ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ciro ƙwaro na gaske daga cikin injin, suka manna shi a littafin aiki. Ƙwarin yau kuwa a cikin rubutunka suke ɓuya.

Ga misali. Ka rubuta 'yar manhajar lissafin shago, ka shigar da 20 da 30, maimakon 50 sai ta ba ka 2030. Babu saƙon kuskure, ba komai. Dalili shi ne Python na ɗaukar abin da aka shigar ta input a matsayin rubutu, sai ya jera su kawai. A VS Code, ka danna F9 a kan layin da kake zargi, jan ɗigo zai fito. Ka danna F5, manhajar za ta tsaya daidai wurin, ka ga abin da ta riƙe. F10 kuma zai tafi da kai layi bayan layi. Mai gina shafi, F12 a Chrome zai buɗe masa irin wannan taga.

Ka ga kenan, da wannan kuskure ya isa hannun mai shago, kuɗi ne da amana za su salwanta. Saboda haka ka zaɓi guda ɗaya da kwamfutarka za ta iya ɗauka, ka zauna kansa wata uku, kuma tun makon farko ka koyi tsayar da manhaja ka leƙa cikinta.