Barewar Turai Na Da Watan Barbara, Gadar Kurmi Ba Ta Da Shi

Da zarar kaka ta wuce, gero da dawa sun shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, manyan motocin da ke kai shanu da albasa Kurmi sukan sami ƙarin waɗansu fasinjoji, watau mafarauta da karnukansu da bindigoginsu ƙirar gida. Daga ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa suke fitowa, su sauka wajen 'yan'uwansu a unguwannin Hausawa na Inugu da Anaca da Fatakwal, su huta kwana biyu, sa'an nan su nausa dazuzzukan da ke kewaye. Lissafin da suka gada shi ne, damina ta noma ce, rani kuwa na farauta ne. Wannan lissafi ya yi wa kakanninsu amfani a dajin Arewa, amma akwai dalilai masu ƙarfi da ke nuna cewa bai dace da dabbobin Kurmi ba.

Zuwan mafarautan Hausa ƙasashen Gabas ba sabon abu ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa daga Arewa suka sauka a Elele, ƙasar Ikwerre, a kan hanyar da ta tashi daga Fatakwal zuwa Owerri, a lokacin da giwaye ke yi wa manoman wurin ɓarna a gonaki. Giwayen sun ƙare tuntuni, amma jikokin maharban suna nan a Elele da masallatansu da sarautarsu. Hanyar kuwa ba ta mutu ba. Mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 mafarauta ne da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Salla. Wannan mummunan al'amari ne ya sa mutane da yawa suka fara sanin cewa akwai talakawan da ke ratsa ƙasar nan tun daga wannan iyaka zuwa waccan don neman abin da dajin garinsu ya daina ba su.

Kafin a shiga zancen Kurmi, ya kamata a dubi inda maganar watan barbara ta samo asali. A ƙasashen sanyi akwai wata dabba da masu fassara suka saba kira barewa, ko da yake ba danginsu ɗaya da barewar Hausa ba. Ƙahon barewa da na gada da na gwanki, in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Ita kuwa barewar Turai ƙahon namijinta mai rassa ne kamar itace, yana zubar da shi kowace shekara, wani ya tsiro. Duk faɗin Afirka ba inda take zaune tun asali sai duwatsun Atlas na Aljeriya da Tunisiya da Maroko.

Jar barewa ta Ingila da Sikotland tana barbara ne daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba. A wannan lokaci namijin da ya shekara yana kiwo lafiya lau cikin 'yan'uwansa maza sai ya rikiɗe. Wuyansa ya kumbura, ya riƙa birgima cikin taɓo da fitsarinsa, ya tattara mata ya tsare su, yana ruri dare da rana. In wani namiji ya matso, sai su jera suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa na auna ɗan'uwansa, in ba wanda ya ja da baya su sarƙa ƙahoni. Ko kiwon kirki ba ya yi, har yakan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa kafin abin ya lafa. Macen takan ɗauki ciki wajen wata 8, ta haihu a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, daidai lokacin da ciyawa ta yi lif. A arewacin Amurka kuma barewa mai farar wutsiya a watan Nuwamba take nata, cikinta kwana 200 ne ko kusa da haka.

Abin da ke kaɗa musu wannan ganga shi ne gajartar yini. A arewacin Sikotland yini yakan kai kusan awa 18 a watan Yuni, ya dawo ƙasa da awa 7 a Disamba, jikin dabbar kuwa yana jin wannan canji, shi ke gaya mata lokaci ya yi. Shaidar haka ita ce jar barewar da Turawa suka kai ƙasar Niyu Zilan, inda yanayin shekara yake a juye: can a Maris da Afrilu take barbara. Da yake lokacin a tsaye yake kamar ranar kasuwa, bai yi wa hukuma wuya ta gina doka a kansa ba. A Ingila ba a harbin macen jar barewa sai daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a Sikotland kuwa daga 21 ga Oktoba zuwa 15 ga Fabrairu, domin kada a kashe uwa ana gab da haihuwa ko tana shayarwa.

To, Hausawa ma suna da irin tasu dokar, ko da ba a takarda take ba. Da damina ciyawa ta rufe daji, kowa yana gona, ba mai sukunin bin sawun dabba. A ƙasashen Katsina da Maraɗi da Gobir tsofaffin maharba suna da bikin buɗar dawa, wanda sai an yi shi Sarkin Dawa ke sakin mutane su shiga farauta. Ko me mutum zai ce game da tsafe-tsafen da ke cikin bikin, amfaninsa a fili yake, gama dabba tana samun watanni tana kiwo cikin kwanciyar hankali a lokacin da abinci ya fi yawa, 'ya'yanta kuma suna samun duhuwar ɓuya. Sai bayan an sa wa daji wuta, fili ya buɗe, sa'an nan ake jin gangi, 'yan tauri da masu karnuka su fita gayya, maharbi kuma ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi sanɗa.

Amma ko a Arewa dabbobin ba su da tsayayyen wata irin na Turai. Bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano bai wuce awa ɗaya da rabi ba, a Fatakwal kuwa wajen rabin awa ne kacal. Saboda haka ruwan sama da abinci ne ke jan ragamar haihuwa, ba hasken rana ba. Gwanki, wanda mazansa ke durƙusawa bisa gwiwa in za su kara, cikinsa wajen wata 9 ne, ana kuwa iya ganin jaririnsa a kowane lokaci na shekara. Barewa wajen wata 6 take yi. Maraya tana da wata al'ada mai ban mamaki a inda take da yawa: mazan sukan taru a fili guda, kowa ya kama ɗan da'irarsa yana tsaro, matan su zo su zaɓa. Wani masani Ba'amurke, Helmut Buechner, shi ya bayyana wannan a 1961 bayan ya yi nazarin marayar ƙasar Yuganda. A wajenta fagen barbara wuri ne, ba wata ba, kuma maharbin da ya gano wurin ya gama da garken.

A Kurmi abin ya fi haka rikitarwa. Fatakwal na samun ruwa fiye da milimita 2,000 a shekara, tun daga Maris har Nuwamba, Kano kuwa a yawancin shekaru ba ta samun rabin wannan. Inda ganye bai bushewa, 'ya'yan itace kuma suna zuba kusan kullum, dabba ba ta da dalilin jiran wani wata. Ƙananan gadan kurmi, waɗanda Ibo ke sa su cikin abin da suke kira mgbada, zaman aure suke yi, namiji ɗaya da mace ɗaya, a ɗan yankin da suke tsarewa shekara da shekaru. Suna da wata tsaga a ƙarƙashin ido mai fitar da maiƙo, da ita suke shafar rassa, suna kuma shafar fuskar juna, don kowa ya san gida da mai shi. Ba ruri, ba tara mata, ba wata alamar da za ta sanar da maharbi cewa lokaci ya yi. Macen ɗa ɗaya take haifa, ta ɓoye shi a gindin itace ko cikin sarƙaƙiya har makwanni, tana zuwa tana ba shi nono tana komawa.

Mazo ma haka yake, shi da ake samu tun daga bakin kogunan Arewa har dazuzzukan Inugu da Anambara. Cikinsa wajen wata 6 ne, ɗan kuwa yakan yi har wata 4 a ɓoye kafin ya fara bin uwarsa. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a makwannin farko ɗan mazo da ɗan gada ko rarrafen ba su yi, lafewa suke. Ma'anar wannan ga mai farauta ita ce, macen da ya gani ita kaɗai ba lalle ba ne ita kaɗai ce. Sau da yawa harbi ɗaya rai biyu yake ɗauka, wani lokaci uku, in tana shayarwa kuma ta riga ta sake ɗaukar ciki.

Kasuwa kuwa ba ta hutu. A Omagwa, kusa da filin jirgin saman Fatakwal, da kuma gefen babbar hanyar Inugu zuwa Anaca, ana baje naman daji ɗanye da ƙyafaffe rani da damina. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan yankin da ke tsakanin Kogin Kuros a Nijeriya da Kogin Sanaga a Kamaru ya ƙiyasta cewa ana sayar da dabbobi da tsuntsaye da masu jan ciki fiye da 900,000 a shekara, nauyinsu wajen tan 12,000. Cinikin ya faɗi a 2014 sa'ad da cutar Ebola ta ɓulla a Ikko da Fatakwal, amma da tsoro ya wuce sai ya farfaɗo. Mazauna unguwannin Hausawa ba su ne manyan masu cin wannan nama ba, domin Musulmi ba ya sayen abin da bai tabbatar da yankansa ba, dabbar da tarko ya shaƙe ta mutu kuwa mushe ce a shari'a. Nasu rabon ya fi yawa a wajen harbi da kuma cinikin fatu da ƙahoni, waɗanda masu maganin gargajiya ke shimfiɗawa a bakin masallatai da tashoshin mota. Yawancin naman ma ba daga hannun baƙi yake fitowa ba, 'yan ƙasa ne ke kama shi da tarkon waya a gefen gonakinsu.

Dokoki dai akwai su. Tun 1916 Turawa suka kafa dokar kare namun daji, tsohuwar Jihar Arewa ta yi tata a 1963, Jihar Gabas ta bi baya a 1965, Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da Doka ta 11 a 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016. Sun kasa dabbobi aji-aji, waɗansu ba a taɓa su sam, waɗansu sai da lasin. Sai dai da wuya a sami mafarauci a ƙauye wanda ya taɓa ganin takardar, balle ma'aikacin gandun daji da zai tambaye shi ita.

Ƙasar Gana ta gwada hanyar Turai. Tun daga dokarta ta 1971 ake rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara, ba a yarda a kama kome ba sai gyazbi, shi ma da lasin. Keɓe gyazbi da aka yi akwai hikima a ciki. Wannan dabba, wadda Ibo ke kira nchi, cikinta wata 5 ne, tana haifar 'ya'ya wajen huɗu a lokaci guda, tana kuma yi wa rake da masara da rogo ɓarna, har ma ana kiwonta a keji. Tana iya jure farautar da za ta share gada daga daji. Rufe wata huɗu yana rage yawan abin da ake kashewa, wannan ba shakka, kuma ya fi babu. Amma wanda ya ce ya rufe ne don lokacin haihuwar gadar kurmi, to sauran wata takwas ɗin ma lokacin haihuwarta ne.

Shi ya sa masu nazarin namun kurmi suka fi ba da ƙarfi ga wuri da kuma irin dabarar farauta. Dajin da aka keɓe, kamar Gandun Kuros Riba da aka kafa a 1991, ko kurmin tsafi da ƙauyukan Ibo da na Ijo ke hana shiga, yana zama rumbun iri, daga nan 'ya'yan da suka girma ke bazuwa su cike inda aka kwashe. Wannan wani abu ne da Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta za su iya sa baki a kai, tun da ta hannunsu baƙo ke samun masauki, su ne kuma suka san iyakar da masu ƙasa suka shata. Baƙon da ya shiga kurmin da aka hana, ban da ɓarnar iri, yana jawo wa unguwa duka fitina.

Game da dabara kuwa, da rana gogaggen maharbi yana iya tantancewa. A wajen mazo da maraya da gadar Arewa namiji ne kaɗai ke da ƙaho, don haka mai son barin mace yana iya barinta. A wajen ƙananan gadan kurmi wannan alama ba ta da tabbas, gama macen ma takan yi ɗan ƙaho, ta kuma ɗara namijin girma kaɗan. Akwai kuma dabarar toshe hanci a kwaikwayi kukan gada mai neman agaji, wadda ke jawo na kusa su fito da gudu, har da uwar da ta bar ɗa a ɓoye. Tarkon waya ba ya zaɓe ko kaɗan, wanda ya kama kuma yakan ruɓe kafin mai shi ya zagayo. Farautar dare da fitilar goshi, wadda ta yawaita tun da fitilu masu batir suka yi araha, ita ma haka take: haske ya daki gada ta tsaya cik, maharbi bai ga ƙaho ba, bai ga ciki ba, bai ga hantsa ba, ƙyallin ido kawai yake auna wa bindiga.