Danja Ɗaya Ce, Amma Dokarta Ta Sha Bamban Daga Ƙasa Zuwa Ƙasa

Direban da ya saba gangaro Hawan Kibo daga Jos, ya biyo ta Gidan Waya ya nufi Kafanchan, yakan ɗauka babu sauran abin da za a koya masa game da tuƙi. To, amma ranar da lodin citta ya kai shi Maraɗi ta Jibiya, ko kuwa neman abinci ya jefa shi wata ƙasa mai nisa, zai tarar da cewa fitilar ba da hannu, wadda direbobi ke kira danja, launinta kaɗai ya sani.

Launin kam ɗaya ne ko'ina: ja, rawaya da kore. A London aka fara kafa irin wannan fitila cikin 1868, mai aiki da gas, ba ta daɗe ba ta fashe ta ji wa ɗan sandan da ke kula da ita ciwo. Mai launi uku kuwa a Detroit ta Amurka ta fito a 1920. A 1968 ƙasashe suka taru a Vienna suka ƙulla yarjejeniya kan alamun hanya, amma duk da haka kowa bai saki al'adarsa ba.

Alal misali, a Ingila ja da rawaya sukan kama tare kafin kore ya zo, watau ana ce wa direba ya shirya. A Faransa babu wannan gargaɗi, daga ja sai kore. Har ila yau, Faransawa sukan kafa sandar fitilar daidai layin tsayawa, su maƙala wata 'yar ƙarama a ƙasa saitin idon direba. Wanda ya zarce layin ba zai ƙara ganin komai ba. Amurkawa kuwa sukan rataya tasu a sama, sau da yawa can ƙetaren mararraba, kuma baƙon da ya ce sai ya je gindinta zai tsaya, a tsakiyar hanya zai tsinci kansa. A can ne kuma aka yarda mutum ya karya dama ko da ja na kunne, muddin ya tsaya cik ya duba, in ban da wurare irin su birnin New York inda aka hana sai an ga allon izini. Wanda ya kai wannan ɗabi'a Ingila ya karya doka.

Abin da ya fi shafar direbobinmu shi ne lokacin da fitilar ta mutu, abin da ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Nijar ta gaji dokar Faransa: a mararrabar da babu alama, wanda ya ɓullo ta hannun dama shi ke da hanya, ko da daga ƙaramin titi ya fito. Ɗan Nijeriya kuwa ya saba cewa mai babban titi shi ke wucewa, in an ƙi faɗin gaskiya ma, mai babbar mota. Idan waɗannan biyu suka haɗu, kowa yana ganin shi ke da gaskiya, babu mai taka birki, kuma galibi mai babur ko mai tafiya a ƙasa ke kwana a ciki.

Dattawan direbobi sun san zafin sake hannu. Ran 2 ga Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙin hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, don ta daidaita da Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey. Gana ta biyo baya a 1974. Sai dai Kenya, Uganda, Afirka ta Kudu da Indiya har yanzu hagu suke bi, kuma a can, ko kore ya kama, dama ya kamata ido ya fara dubawa.