Hanyar keken da mota ba ta bi: yadda ake yin ta a Faransa, da abin da ya dace da Kajiji

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Bodinga da Shagari, ta bi ta Kajiji zuwa Tambuwal da Jega, ba don mai keke aka yi ta ba. An yi ta ne don tirela da tankar mai da motocin haya. Amma duk wanda ya tsaya bakinta da safe zai ga 'yan makaranta da masu zuwa gona da mai kai albasa kasuwa suna lallaɓawa a ɗan gefen kwaltar da ruwa bai gama cinyewa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da suka daɗe a jingine cikin zaure sun sake fitowa, domin zuba wa babur mai kullum ya zama sai mai hali. Mahaya sun ƙaru, hanyar kuwa tana nan yadda take.

Haɗarin abu ne na lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, mai keke kuwa kamar mita 4 yake ci. Kafin direba ya hango shi, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya shafe tazara mai yawa. In kuma gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkuwa huɗu yake yi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci ke cakuɗe. Ba wanda zai sa tirela ta yi wannan tafiyar daga Sakkwato har Jega. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kira ga jama'a su rungumi keke, shi kansa ya hau zuwa aiki a Abuja, bas ta ture shi cikin rami. Kira kaɗai ba ya kare mahayi. Sai an raba masa hanya.

Faransawa sun yi nisa a wannan aiki. Kogin Luwar, wanda ya fi kowane kogi tsawo a ƙasar, yana da hanyar keke mai kimanin kilomita 900 da ke bin kwarinsa daga kusa da garin Nevers har bakin tekun Atlantika. Ita ma yanki ce na wata doguwar hanya, EuroVelo 6, da ta kai har Baƙin Teku. Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne, akasarin irin waɗannan hanyoyi ba sabon daji aka sare musu ba. Tsofaffin hanyoyi aka farfaɗo da su. Akwai layin dogon da jirgi ya daina bi, kamar kilomita 44 tsakanin Givry da Cluny da aka buɗe wa masu keke a 1997. Akwai turbar da dawakai ke bi a da suna jan jiragen kaya a gefen magudanan ruwa na haƙa. Akwai kuma doron shingen ƙasa da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tayarwa don tare ambaliyar Luwar.

Dalilin zaɓen su a fili yake. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsanani, ruwa kuma kwance yake tafiya, saboda haka hanyar da ta bi su shimfiɗaɗɗa ce, tsoho da yaro duk suna iya taka feda ba tare da sun sauka sun tura ba. Filin ya riga ya zama na hukuma, babu rigimar diyya. Gadoji da kwalbatoci ma suna nan tun da can. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa kwalta marar kauri ko niƙaƙƙen dutse a danne, faɗin kamar mita 3, yadda biyu za su gifta juna. Aikin ba ya cin kuɗi irin na babbar hanya, domin nauyin manyan motoci ne ke kashe titi, keke kuwa ko shekara nawa ya yi yana bi ba zai fasa shi ba.

Sai doka. A 2004 dokar hanya ta Faransa ta amince da irin wannan turba a matsayin wadda aka keɓe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa, ban da abin hawa mai inji. A mashiga ana kafa turaku da tazarar da keke zai wuce, mota ba za ta wuce ba. Ba dukan kilomita 900 ɗin ne haka ba, a gaskiya. Wani babban kaso yana bin ƙananan hanyoyin ƙauye ne da mota ba ta cika bi ba, aka jona su da alluna masu nuna gari na gaba da nisansa. Masauki ko gidan abincin da bai fi kilomita 5 daga hanyar ba yana iya samun tambarin maraba da masu keke, in ya tanadi wurin ajiye keke da kayan gyara. Su can yawon buɗe ido ne ke riƙe da hanyar, da shi ƙauyukan kwarin ke samun ciniki.

A Kajiji babu tsohon layin dogo, don jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda ya tsaya, bai iso Sakkwato ba. Amma akwai abin da ya girme shi: hanyoyin ƙafa da na jakuna da suka haɗa kowane ƙauye da kasuwa da fadama tun kafin a san kwalta. Ƙasar ma ba mai manyan tuddai ba ce. Matsalolinmu dai daban ne da nasu.

Na farko yashi. Tayar keke siririya ce, nauyin mahayi da kayansa duk a kan ɗan wuri kaɗan suke sauka, shi ya sa take nutsewa inda raƙumi mai faffaɗar ƙafa ke wucewa lafiya. Yashin nan ne ke kora mutane su hau kwalta, ba son ta suke ba. Maganinsa marmara, amma zuba ta kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an danne ta tana da ɗan danshi, ba busasshiya ba kuma ba caɓi ba, lokacin ne ƙwayoyinta ke kama juna. Saboda haka ƙarshen damina, wajen watan Oktoba, ya fi dacewa da aikin. Sannan a ɗaga tsakiyarta kamar kunyar gona, ruwa ya gangara hagu da dama ya faɗa lambatu. Ruwan da ya kwana a kan marmara shi ke kashe ta. Inda ƙorama ta ratsa, a sa kwalbati ko a shimfiɗa siminti ruwa ya bi ta kai. Kuma kowace shekara sai an cike zaizaya tun tana ƙarama, aikin da gayya ɗaya za ta iya gamawa.

Na biyu ƙaya da rana. Tsidau da ƙayar bagaruwa da ta aduwa su ne abincin mai faci. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, hanyar da ba inuwa ba mai bin ta da tsakar rana. Dogon yaro ya dace da gefenta, ba ya da ƙaya kuma yana jure fari.

Abin da ya fi wuya shi ne babur. Turken da ya hana mota ba ya hana shi, tazarar da amalanke zai wuce kuwa ƙaramar mota ma za ta kutsa. A ganina kwafo dokar Faransa yadda take kuskure ne. A ƙauye da babur ake kai marar lafiya da mai naƙuda asibiti, ba a hana shi hanya. Tifa mai ɗibar yashi da motocin kaya su ne za a hana, babur kuma a rage masa gudu da ƙananan tuddai, da kuma yarjejeniya tsakanin hakimi da ƙungiyar 'yan kabu-kabu. Burtali kuwa a bar wa masu shi. Haƙƙin makiyaya ne, kofato ma yana farfasa marmara da damina. In hanya za ta bi gefensa, a shata iyaka a gaban arɗo da masu gonaki, a kafa alama, don kada garma ta riƙa cin taki ɗaya kowace shekara.

Wata rana mai yiwuwa baƙo ya so taka keke zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Wannan sai tsaro ya daidaita. Yanzu yaran da ke bin gefen tirela zuwa makaranta su ne abin dubawa. Ina kira ga ƙaramar hukumar Shagari da iyayen ƙasa su zaɓi ƙauye guda da 'ya'yansa ke zuwa Kajiji a keke, su gyara tsohuwar turbarsa a ƙarshen daminar nan, su kuma kafa alama da tudun rage gudu a inda ta haɗu da kwalta.