Kwaɗon Da Ke Yin Rani A Kan Ciyawa

Idan kaka ta wuce, kududdufan ƙasar Gagarawa da Gumel suka ƙafe, kukan kwaɗi yakan ɗauke sarai. Galibinsu sukan shige ƙarƙashin ƙasa su jira damina. Amma akwai wani ɗan kwaɗo mai hawan ciyawa a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da Arewacin Nijeriya, wanda ba ya ɓuya. Masana suna kiransa Hyperolius nitidulus, sunan da Bajamushe Wilhelm Peters ya ba shi a 1875.

Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Manyansa kan mutu da shigowar rani. 'Ya'yan ƙarshen damina su ne ke liƙewa jikin ciyawa, su naɗe ƙafafu, rana tana dukansu wata da watanni. Fatarsu takan koma fara fat, domin dattin da ya kamata ya fita da fitsari yakan taru cikinta, ya zama ƙananan ƙwayoyi masu mayar da hasken rana. Ta haka ruwan jikinsu ba ya ƙarewa.

Mu kuwa, da ciyawa ta bushe sai mu cinna mata wuta don farautar gafiya. Kwaɗon da ke cikin ƙasa yana iya tsira, na kan ciyawa kuwa ba shi da mafaka. Alhali Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani likita ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi.