Wa ke da ta cewa a Cocin Katolika idan Fada ba ya nan?

A ƙauyukan da ke gaɓar Tafkin Kainji, daga Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski zuwa ƙasar Yauri da Shanga, limamin Katolika guda yakan kula da majami'u da dama, wasu sai ya yi doguwar tafiya kafin ya isa. Ranar Lahadin da bai zo ba, katikis ne ke jagorantar addu'a, dattawan coci su ƙidaya baiko, 'yan Zumuntar Mata su zagaya marasa lafiya. Mai kallo daga waje sai ya ɗauka ragamar coci tana hannunsu. Dokar coci kuwa ba haka ta ce ba.

Wannan yanki yana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora, wanda aka kafa harsashinsa a 1995, ya zama cikakken dayosis a 2020, Bishop Bulus Dauwa Yohanna na shugabancinsa. Dokar da ke aiki a nan ita ce ke aiki a Roma: kundin da Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1983, bayan babban taron Batikan na Biyu (1962 zuwa 1965) ya ɗaukaka matsayin mabiyan da ba limamai ba.

Kundin ya tanadi majalisu biyu a kowace Ikilisiya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Majalisar kiwon jama'a, wadda sashe na 536 ya ambata, ana kafa ta ne idan Bishop ya ga dacewar hakan. Fada ne shugabanta, abin da ta zartar kuma shawara ce kawai. Ko da duk 'yan majalisa sun haɗa baki cewa a fara gina makaranta kafin gidan Fada, yana da ikon ƙin bi. Ma'aikacin gwamnati ya san irin wannan kwamiti, mai rubuta rahoto ya jira sa hannun shugaba.

Majalisar kuɗi daban take. Sashe na 537 ya wajabta ta a kan kowace Ikilisiya, babu zaɓi. A matakin dayosis ma ta fi ƙarfi: sashe na 492 ya buƙaci aƙalla mutum uku masu gaskiya, masana harkar kuɗi da dokar ƙasa, na wa'adin shekara 5, kuma an hana 'yan'uwan Bishop na jini makusanta shiga. A manyan al'amuran dukiya, Bishop ba zai yi gaban kansa ba sai da yardarta. Sashe na 1287 ya ƙara da cewa masu riƙon dukiya su yi wa jama'a bayanin abin da suka bayar, bisa ƙa'idar da aka tsara a yankinsu. Manomin da ya kawo buhun gero ko masuncin da ya kawo kuɗin kifi ranar bikin godiya yana da hurumin jin inda aka kai su. A nan ne, a ganina, ikon mabiya ya fi tabbata, kuma nan ne aka fi yin shiru don kunyar Fada.

Akwai kuma Majalisar Mabiya Katolika ta Najeriya, inuwar ƙungiyoyin maza da mata da matasa. Tana tara jama'a da kuɗi, amma ba ta naɗa limami, ba ta sauke shi.

Taron da Fafaroma Francis ya rufe a Roma a Oktoban 2024 ya nemi a mayar da irin waɗannan majalisu wajibi, a kuma ba su aiki na gaske. Ga ƙauyen da Fada ke zuwa jefi-jefi, abin jira shi ne ko za a ba dattawan da suka daɗe suna riƙe da littafin baiko kujera a majalisar Ikilisiyar da ke yanke shawara a kansa.