'Yar Wuƙar Shiga Daji: Wace Iri Ce Ta Dace Da Matafiyi?

Da zarar ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, akan ga ayarin 'yan makaranta da malamansu sun nufi duwatsun Birnin Kudu, watau Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, domin su ga hotunan shanun nan da mutanen da suka zana a jikin dutse, waɗanda masanin tarihi Bernard Fagg ya bayyana wa duniya labarinsu a shekarun 1950. Waɗansu kan yini su komo, waɗansu kuwa, musamman 'yan Sikawut, har su kafa tanti su kwana. Haka nan malaman gona da na dabbobi da ma'aikatan gandun daji sukan yi kwana da kwanaki suna rangadi a ƙauyukan Gwaram, har zuwa kan iyakar Jihar Bauchi. Dukansu akwai abu guda da ba sa rasa bukatarsa, amma ba safai suke tsayawa su zaɓe shi da natsuwa ba, shi ne 'yar wuƙa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne son babba. Saurayi ya shiga kasuwa, idonsa ba ya sauka sai a kan wata zabgegiya mai walƙiya da zane-zane, irin wadda yake gani a sinima. To, manomi da mafarauci sun daɗe da raba aiki tsakanin makamansu: sara na adda ne da gatari, yanka da fiƙa da fira kuwa na wuƙa ne. Aikin da mai kwana a daji yake yi da wuƙa bai wuce yanka igiya, fiƙe turakun tanti, feraye rogo ko dankali, gyara kifi ko zabo, da kankare ƙirare don hura wuta ba. Duk wannan, wuƙar da tsawon bakinta ya kai faɗin tafin hannu, watau santimita 8 zuwa 10, ta ishe shi. Wadda ta fi haka nauyi kawai take ƙarawa, ga wuyar sarrafawa, ga jawo idon jama'a.

Sa'an nan sai batun mai naɗewa da mai kube. Wuƙa mai naɗewa tana da daɗin ɗauka, ga ta a aljihu ba wanda ya sani. Akwai sanannu a cikinsu: Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988, da Opinel ta Faransa wadda ta samo asali tun 1890. Amma fa rauninta yana a gaɓar da take naɗewa. Nan ƙasa da jini da ruwan albasa suke maƙalewa, nan kuma take fara girgiɗi. In ba ta da makulli mai riƙe bakin, rana ɗaya za ta rufe a kan yatsun mai ita yana tsakiyar fiƙa. Saboda haka, a ganina, mai kube ita ce ta daji, mai naɗewa kuwa ta zama mataimakiya. Mutanen Suwidin, waɗanda suka shahara da zaman daji, wuƙarsu ta garin Mora haka take: gajera, mara ado, mai araha, bakinta kimanin santimita 10.

Ba sai an je Suwidin ba kuwa. Maƙeranmu na Birnin Kudu da waɗanda ke baje kolinsu a kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram suna ƙera irin wannan, sai dai mai saye ya san abin da zai duba. Farkon tambaya ita ce, da wane ƙarfe aka yi ta? Wadda aka ƙera da tsohon sifirin ɗin mota ko tsohon magagari tana ɗaukar kaifi ta riƙe shi, domin ƙarfen yana da sinadarin gawayi isasshe, wanda shi ne ke sa ya taurara idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa ko mai. Wadda aka yanko daga gwangwani ko ƙarfen gini kuwa, ko an wasa ta da safe, kafin azahar ta dakushe. Gwajin ba wuya: a goga magagari a bakinta. In ya ci ta da sauƙi kamar ana kankare sabulu, ƙarfen ya yi laushi. In ya zame sam bai kama ba, ta yiwu ta yi tauri fiye da kima, irin wadda ke ɓantarewa in ta haɗu da ƙashi. Tsakatsaki ake nema.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci kuma aka fi mantawa da shi, shi ne jelar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. Wata wuƙar jelarta ba ta wuce gaɓar yatsa ba, an cusa ta a itace an liƙe. Ni kaina na taɓa sayen irinta don kyawun ƙotarta, ran da na fara fiƙe turke da ita bakin ya fita ya bar ni da ƙota a hannu, Allah ne ya tsare ƙafata. Araha dai ba ta ado. A nemi wadda ƙarfenta ya ratsa ƙotar har ƙarshe, ko aka ɗaure shi da ƙusoshi biyu ko uku. Ƙotar kuma ta zama ta itace mai ƙwari kamar marke ko aduwa ko ƙirya, ta cika hannu, kada ta yi santsi, domin hannun mai aiki a rana ba ya rabuwa da gumi.

Ita wuƙar maƙeri tana tsatsa, wannan gaskiya ne, ba kamar ta kanti mai farin ƙarfe ba. Maganinsa a share ta bayan aiki, a shafa mata ɗigon man gyaɗa. Ribarta kuwa ita ce kowane dutse mai laushin fuska yana wasa ta. Kuben ma a kai wa baduku ya ɗinka da fata mai kauri, ya riƙe ta kam, yadda ko an kifa shi ba za ta zame ba.

Akwai inda bai kamata wuƙa ta taɓa ba ko kusa, watau wurin saran maciji. Yankin nan na duwatsu da gonaki ba ya rasa kububuwa, dafinta kuwa hana jini daskarewa yake yi. Wanda ya tsaga wurin da nufin fitar da dafi, ƙofar zubar jini ya buɗe, dafin kuma bai fita ba. Likitoci sun hana tsagawa da tsotsa da ɗaure ƙafa tamau. Abin yi shi ne a hana majinyacin motsi, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, kamar asibitin tarayya da ke Birnin Kudu. Haka kuma hotunan jikin duwatsun nan kayan tarihi ne da doka ta kare, kada ɗalibi ya ce zai karta sunansa a gefensu.

Daga ƙarshe, ma'aikaci ya tuna cewa abin da yake kayan aiki a daji, makami ne a cikin gari. 'Yan sanda ba sa wasa da wanda suka samu da wuƙa a kasuwa ko wurin taro ko hawan salla, musamman ganin ɓarnar 'yan daba da 'yan sara-suka a garuruwanmu. A ƙauye ma, inda ake yawan zaman ɗar-ɗar tsakanin manoma da makiyaya lokacin girbi, baƙon da ya rataya wuƙa a ƙugu yana iya jawo wa kansa zargi. A sa ta a ƙasan jaka tare da tocila da ashana, sai an isa masauki a fito da ita. Idan 'yan makaranta ne, malami ya tattara wuƙaƙen a hannunsa, ya raba su lokacin aiki, ya ƙirga su kafin a hau mota.