Cire Famfon Ruwan Mota Da Kanka

Maigida, in ka ga ruwa yana ɗiga ta gaban injin, ko famfon ruwa yana ƙugi, kada ka yi sakaci, gama zafi yakan kashe injin.

Bari injin ya huce sarai, don ruwan lagireto yana ƙuna. Cire wayar batir. Tsiyaye ruwan cikin bokiti, ka kawar da shi daga wurin yara, gama maganin da ake zubawa ciki guba ne. Sassauta fambel, ka cire fanka da tiyo. Kwance notocin famfon da sufana, ka jera su bi da bi, don sau da yawa tsawonsu ya bambanta. In famfon ya kafe, bubbuga shi da katako a hankali. Kankare tsohon fakin sarai kafin ka sa sabo.

Amma in bel ɗin taimin ne ke juya famfon, bar wa bakanike.